Mutuwar Poirot: A Karanta Littafin Ƙarshe Ko A Ƙyale Shi?

Ranar Laraba 6 ga watan Agusta na shekarar 1975, jaridar New York Times ta ƙasar Amurka ta buga labarin rasuwar wani tsoho a shafinta na farko. Ta ce mutumin ɗan ƙasar Beljiyam ne, sunansa Hercule Poirot, kuma ya shahara ƙwarai wajen tono asirin masu kisan kai. Abin mamaki shi ne, wannan tsoho ba a taɓa haihuwarsa ba, balle a ce ya taka doron ƙasa. Mutumin cikin littafi ne, wanda wata Baturiyar Ingila mai suna Agatha Christie ta ƙago da alƙalaminta. Amma da yake jama'a masu ɗimbin yawa sun shafe shekara 55 suna bin labarinsa, sai jaridar ta ɗauki mutuwarsa tamkar ta wani babban mutum, ta ba shi wurin da akan ba sarakuna da shugabannin ƙasashe.

A lokacin da aka yi wannan sanarwa, littafin da ke ɗauke da labarin mutuwar bai ma shiga kasuwa ba, sai a watan Satumba ya fito a Ingila. Sunansa Curtain, watau labulen da akan saki idan wasa ya ƙare. Saboda haka tun kafin kowa ya buɗe shafin farko, an riga an san inda za a kwana. Tun daga wannan rana har yau, duk wanda ya shaƙu da littattafan Poirot yakan iso wata mararraba: ya ɗauki littafin nan ya ga ƙarshen abokinsa da idonsa, ko kuwa ya ƙyale shi a kan kanta, ya bar tsohon da ransa a cikin zuciyarsa? Masu karatun Hausa ma ba baƙi ba ne a wannan mararraba, domin sun saba da littattafan da akan buga kashi-kashi, kuma sun san yadda gaban mutum yakan faɗi idan ya ji raɗe-raɗin cewa kashi na ƙarshe bai yi wa jarumin daɗi ba.

WANE NE POIROT?

An haifi Agatha Christie a garin Torquay da ke bakin teku a kudancin Ingila cikin shekarar 1890. A zamanin Yaƙin Duniya na Farko ta yi aiki a asibitin garin, har aka sa ta a ɗakin haɗa magunguna, inda ta san sunayen guba iri-iri da yadda kowacce take aiki a jikin ɗan Adam. A daidai wannan lokaci kuwa akwai 'yan gudun hijira daga ƙasar Beljiyam da aka saukar a garin, bayan da sojan Jamus suka mamaye ƙasarsu. Da ta zauna rubuta littafinta na farko a shekarar 1916, sai ta haɗa abubuwan nan biyu: kisa da guba, da kuma wani tsohon ɗan sandan Beljiyam mai gudun hijira wanda zai warware al'amarin. An buga littafin a shekarar 1920 da sunan The Mysterious Affair at Styles. Styles sunan wani babban gida ne a ƙauye, inda aka yi kisan.

Poirot, wanda ake furta sunansa kamar Puwaro, gajeren mutum ne mai kai kamar ƙwai, mai gashin baki wanda yake tattalinsa tamkar dukiya. Ba ya son ƙura a tufafinsa, ba ya son ya ga abu a karkace. Ga shi da son yabon kansa, amma kuma ga tausayi. Ba ya bin ɓarawo a guje, sai dai ya zauna ya yi ta tambayar mutane, ya saurari abin da suka faɗa da abin da suka ɓoye, sa'an nan a ƙarshe ya tara kowa a ɗaki ɗaya ya nuna mai laifi. Yana da wani amini, Kyaftin Hastings, mutumin kirki mai saurin yarda da mutane, wanda shi ne yake ba da labari a wasu daga cikin littattafan. Gaba ɗaya Poirot ya fito a cikin manyan littattafai 33 da gajerun labarai fiye da 50.

Abin da ya sa jama'a suka riƙe shi hannu bibbiyu ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya buɗe littafin Poirot ya san cewa komai ruɗewar al'amari, gaskiya za ta fito, mai laifi zai faɗa hannu, marar laifi kuma zai kwana a gidansa. Tsohon kuwa a kullum yana nanata cewa shi bai yarda da kisan kai ba, ko wane ne aka kashe. Wannan tabbaci shi ne mutane suke saye da kuɗinsu, kuma shi ne littafin ƙarshe ya girgiza.

LITTAFIN DA YA KWANA A BANKI

Ba a shekarar 1975 aka rubuta Curtain ba. Christie ta rubuta shi ne tun a farkon shekarun 1940, sa'ad da jiragen saman Jamus suke ruwan bama-bamai a kan birnin Landan, ita kuwa tana zaune a birnin tana aiki a ɗakin magani na wani babban asibiti. A irin wannan hali ba wanda yake da tabbacin wayewar gari. Don haka ta rubuta littattafai biyu, ɗaya na ƙarshen Poirot, ɗaya kuma na wata tsohuwa mai suna Miss Marple, wadda ita ma gwanar tono asiri ce. Ta mallaka wa 'yarta Rosalind haƙƙin na Poirot, ta mallaka wa mijinta na Miss Marple, sa'an nan aka kai rubutun ma'ajiyar banki aka kulle.

Yaƙi ya ƙare, Allah ya yi mata tsawon rai, ta ci gaba da rubuta sababbin labaran Poirot har shekara talatin, alhali kuwa mutuwarsa tana nan a rubuce cikin akwati. Na ƙarshe da ta rubuta a kansa shi ne Elephants Can Remember, na shekarar 1972. A lokacin ta haura shekara 80, ƙarfi ya ragu, kuma masu nazarin littattafanta da yawa sun yarda cewa rubutun shekarunta na ƙarshe bai kai na da ba, domin zance yakan yi ta maimaituwa, zaren labari kuma ya yi sako-sako. Da ta tabbata ba za ta iya rubuta wani ba, sai ta yarda a fito da na banki. Watanni kaɗan bayan fitowarsa, ranar 12 ga Janairu 1976, ita ma ta rasu tana da shekara 85.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga mai shawarar karantawa ko bari. Littafin da ya fito a ƙarshe an rubuta shi ne sa'ad da marubuciyar take kan ganiyarta, a zamani ɗaya da And Then There Were None na 1939 da Five Little Pigs na 1942, waɗanda ake lissafawa cikin mafi kyawun ayyukanta. Saboda haka wanda ya bi jerin har zuwa 1972 sa'an nan ya tsaya, ya rabu da Poirot ne a lokacin da alƙalamin ya gaji, ya kuma bar aikin ƙarfi a baya bai taɓa ba.

ABIN DA KE CIKI

A nan ya kamata a yi wa mai karatu gargaɗi, domin ba yadda za a yi a tattauna wannan magana ba a ɗan buɗe tukunya ba. Sunan mai laifi dai ba za a faɗa ba.

Poirot ya tsufa, ciwon zuciya ya kama shi, ana tura shi a keken guragu. Ya koma gidan Styles, inda labarinsa ya fara, amma gidan ya lalace, ya zama masaukin baƙi mai arha. Ya aika wa Hastings ya zo. Shi ma Hastings ya tsufa, matarsa ta rasu, kuma rabon da masu karatu su gan shi a babban littafi tun shekarar 1937. Poirot ya nuna masa labaran kisan kai guda biyar, waɗanda a kowanne an san wanda ya yi, ba wata tababa. Amma ya ce akwai wani mutum guda da yake kusa da dukkan biyar ɗin, kuma yanzu haka yana cikin baƙin gidan.

Wannan mutum bai taɓa ɗaga wuƙa ko ya zuba guba da hannunsa ba. Sana'arsa ita ce zuga. Yakan lura da inda zuciyar mutum take da miki, ya jefa kalma ɗaya a nan, ya yi shiru a can, har sai mutumin kirki ya tashi ya kashe ɗan'uwansa yana zaton shawarar kansa ce. Ba wata doka da za ta kama shi, ba wani alƙali da zai same shi da laifi, domin bai yi komai ba sai magana. Kai, har shi Hastings, wanda ba a taɓa jin ya cuci ko ƙuda ba, sai da makircin ya kai shi ga shirya kashe wani saboda 'yarsa, Poirot ne ya hana shi ta hanyar dabara.

Da tsohon ya ga haka, sai ya yanke hukuncin da ya saɓa wa duk abin da ya tsaya a kai tsawon rayuwarsa: ya kashe mutumin da hannunsa. Bayan haka ya ture maganin zuciyarsa inda hannunsa ba zai kai ba, ya bar wa Ubangiji sauran. Sai bayan wata huɗu da mutuwarsa lauyoyi suka miƙa wa Hastings wata doguwar takarda da ya bari, inda ya bayyana komai. A cikinta mutumin nan da bai taɓa shakkar kansa ba ya nuna cewa bai sani ba ko abin da ya yi daidai ne ko kuskure.

HUJJAR MASU ƘIN KARANTAWA

Waɗanda suke ƙyale littafin ba ragwaye ba ne, suna da hujjarsu. Na farko, sukan ce sun zo wurin Poirot ne don su huta da baƙin cikin duniya, ga asibiti ga maƙabarta sun ishe su a zahiri, don me za su sayi wani da kuɗinsu? Na biyu, kuma wannan ya fi nauyi, suna tsoron kada ƙarshen ya koma baya ya ɓata farkon. Wanda ya san cewa tsohon zai zama mai kisa, shin zai iya sake karanta tsofaffin littattafan ya ji daɗin wa'azinsa a kan kisan kai kamar da? Abin da ido ya gani, ba a iya mayar da shi ba a gani ba. Na uku, akwai masu ganin cewa marubuciyar ta huce haushinta ne a kansa, domin sananne ne cewa tun shekarun 1930 ta gaji da shi da iyayinsa, son da jama'a suke yi masa ne ya sa ta ci gaba.

Wannan zargi na uku yana da tushe a tarihi, domin an taɓa yin haka ga wani jarumin da ya riga Poirot shahara.

YADDA AKA YI DA SHERLOCK HOLMES

Arthur Conan Doyle likita ne, mutumin birnin Edinburgh. A shekarar 1887 ya ƙago Sherlock Holmes, kuma daga 1891, da mujallar Strand ta fara buga gajerun labaransa wata-wata, sai sunan ya game Ingila. Amma shi Doyle hankalinsa yana ga littattafan tarihi, waɗanda yake ganin su ne aikin ƙwarai, Holmes kuwa yana cinye masa lokaci. Tun a 1891 ya rubuta wa mahaifiyarsa cewa yana shawarar kashe shi, ta hana. A watan Disamba 1893 ya cika nufinsa. Ya ƙago wani mugun malami mai suna Moriarty, wanda ba a taɓa jin ɗuriyarsa a labaran baya ba, ya kai su biyu wani wuri mai suna Reichenbach a ƙasar Suwizalan, inda ruwa yake zubowa daga kan dutse mai tsawo, ya nuna cewa sun yi kokawa sun faɗa tare. Ba a ga gawa ba, sai sawun ƙafa da sanda da 'yar takarda.

Masu karatu suka fusata, wasiƙun zagi da na roƙo suka yi ta kwarara. Doyle ya daure shekara takwas. A 1901 ya fara sakin The Hound of the Baskervilles, amma ya ce al'amarin ya faru ne kafin mutuwar. A 1903, bayan da masu mujallu suka yi masa tayin kuɗi mai tsoka, sai ya ta da mamacin ɗungurungum. Aka ce ashe Holmes bai faɗa ba, ɓuya ya yi shekara uku, ya yi yawo a Tibet da Farisa, har ya leƙa Khartum ta ƙasar Sudan. Daga nan labarai suka ci gaba har 1927, suka kai gajeru 56 da manya 4.

Ga bambancin ke nan. Mutuwar Holmes daga waje ta zo, gajiyar marubuci ce ta kawo ta, shi ya sa da kuɗi da roƙo suka taru sai aka warware ta kamar ɗinkin da bai kama ba. Wanda ya tsallake wannan labari bai rasa wani abu game da halin Holmes ba. Ta Poirot kuwa, ko da gajiya tana ciki, an gina ta da kayan da suke cikin labaran tun farko, an kuma ajiye ta shekara talatin ba a sake mata tsari ba. An mai da shi gidan da ya fara, an dawo masa da amininsa, an kuma ɗora masa tambayar da ta daɗe tana bin sa: idan doka ta kasa, me mai gaskiya zai yi?

Tambayar ba sabuwa ba ce. A cikin Murder on the Orient Express na shekarar 1934, wanda aka kashe a jirgin ƙasa mutum ne da ya sace ƙaramar yarinya ya hallaka ta, ya kuma kuɓuce wa shari'a. Poirot ya gano gaskiya sarai, amma ya kawo bayani iri biyu, ya bari aka miƙa wa 'yan sanda wanda ba shi ne na gaskiya ba. Watau tun a wancan lokaci tsohon ya taɓa kau da kai don ganin an yi adalcin da kotu ta kasa yi. Curtain ya ɗauki wannan ɗan tsagi ne ya bi shi har inda ya ƙare, ya kuma sa shi ya biya da ransa da kwanciyar hankalinsa. Littafin bai wanke shi ba, bai kuma ce abin da ya yi halal ne ba.

SANIN ƘARSHE YANA KASHE LABARI?

Saura tsoron cewa tun da an san zai mutu, karatun ba shi da sauran amfani. Ɗaliban Nijeriya da suka karanta littattafan Chinua Achebe a makaranta suna da amsar wannan. Things Fall Apart na 1958 ya ƙare da Okonkwo ya rataye kansa, amma wannan bai hana jama'a ɗaukar No Longer at Ease na 1960 ba, wanda yake ba da labarin jikansa Obi. Achebe kuwa bai ɓoye komai ba, a babin farko ya nuna Obi a gaban alƙali kan laifin cin hanci. Mai karatu ya san inda yaron zai faɗa, abin da yake riƙe shi har shafin ƙarshe shi ne ganin yadda saurayi mai ilmi da kyakkyawar niyya ya gangara a hankali har ya kai can.

Masana ma sun gwada abin. A shekarar 2011 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld, sun ba ɗalibai gajerun labarai 12, har da na ita Christie. Wasu an faɗa musu ƙarshen tun kafin su fara, wasu ba a faɗa musu ba. Sai aka tarar waɗanda aka faɗa wa sun ɗan fi jin daɗin karatun. Wasu gwaje-gwajen da aka yi daga baya ba su sami daidai wannan sakamako ba, saboda haka ba a ce magana ta ƙare ba. Amma dai an ga cewa sanin ƙarshe ba lalle ne ya zama asara ba.

INA MAFITA?

Ma'aunin da mai karatu zai riƙe, ko a kan Poirot ko a kan wani jerin littattafai da yake ƙauna, shi ne ya bincika daga ina baƙin ƙarshen ya fito. Idan marubuci ya jefo shi ne don ya huta, ko don ya razana mutane a yi ta maganarsa a kasuwa, to wanda ya tsaya bai yi asara ba. Idan kuwa ƙarshen ya tsiro ne daga halin jarumin da abubuwan da aka shuka tun farko, to wanda ya tsaya ya san rabin mutumin ne kawai. Curtain yana cikin kashi na biyu. Wanda ya karanta shi sa'an nan ya koma tsofaffin littattafan, yakan tarar da maganar tsohon a kan kisan kai ta ƙara nauyi, domin yanzu ya san cewa mai faɗarta ya san ɗacin abin da yake hani a kai.

Sai dai akwai lokacin da ya dace. Wanda yake cikin zaman makoki, ko yake jinyar tsohonsa, ba laifi ya jinkirta, littafin da ya jira shekara talatin a banki zai iya jiran wata shida a kan kanta. Haka kuma bai kamata a fara da shi ba. Aƙalla a karanta na gidan Styles da wasu daga cikin waɗanda Hastings yake ciki, domin baƙin cikin rabuwa sai wanda ya san zaman tare.

Akwai kuma wata dabara da masu shirya wasan talabijin na Ingila suka yi. David Suchet ya fito a matsayin Poirot daga 1989 zuwa 2013, cikin wasanni 70. An nuna Curtain a ƙarshe, a watan Nuwamba 2013, amma ba shi aka ɗauka a ƙarshe ba. An riga an ɗauke shi, sa'an nan aka koma aka ɗauki sauran, har aka rufe aikin a Greenway, gidan hutun ita Christie, da wani labari wanda Poirot yake tafe da ƙafafunsa. Mai karatu ma yana iya yin haka: ya ware littafi ɗaya ko biyu na tsakiyar jerin ya ajiye, ya karanta Curtain, sa'an nan ya koma gare su. Magadan marubuciyar ma da suka ba Sophie Hannah izinin rubuta sababbin labaran Poirot daga shekarar 2014, baya aka koma, na farkonsu an sa shi ne a shekarar 1929. Ba wanda ya taɓa ƙarshen da Christie ta rubuta.

Yaran Hausa da suke zama gaban kaka da dare ba sa tashi sai sun ji ta ce ƙurunƙus, ko da kura ce ta cinye wanda suke so, domin sun san tatsuniyar da ba a rufe ba bashi ce. Agatha Christie ta rubuta ƙurunƙus ɗinta ne a lokacin da bama-bamai suke sauka, don kada ta mutu ta bar masu karatunta da wannan bashi. Ya rage ga mai karatu ya zaɓi ranar da zai je ya karɓa.